Bashin da Naƙasassu Ke Bin Ƙaramar Hukuma

A farkon mulkin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya hau kujera a 2007, gwamnatin Jihar Sakkwato ta fara biyan naƙasassu alawus na naira 6,500 duk wata. Yaron yau zai iya raina wannan adadi, amma a wancan lokaci mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ma'aikacin jiha naira 5,500 ne, na tarayya kuma 7,500. Ke nan makahon da sunansa ya shiga takarda a Jabo ko Dogon Daji, a Ƙaramar Hukumar Tambuwal, yana karɓar abin da bai gaza albashin ƙaramin ma'aikaci ba. Jigawa ma, a zamanin Sule Lamido, ta fito da irin wannan tsari a 2007, tana biyan naira 7,000. Gwamnonin biyu sun cancanci yabo, domin kafin su, abin da naƙasasshe yake samu daga hukuma bai wuce buhun shinkafar azumi da turmin atamfar sallah ba.

Sai dai kuɗi ba ya tsayawa inda aka bar shi. Mafi ƙarancin albashi ya koma 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. Alawus ɗin naƙasassun Sakkwato kuwa ya daskare a 6,500 fiye da shekara goma, har ma biyan ya zo ya tsaya, sai da Gwamna Ahmad Aliyu ya zo ya dawo da shi, ya ɗaga shi zuwa 10,000. An gode. Amma duk mai zuwa kasuwa ya san kwano nawa na gero naira dubu goma za ta saya tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Akwai kuma lissafin kawuna. Waɗanda ke cikin wannan tsari a duk faɗin jihar ba su kai mutum 7,000 ba. A raba su ga ƙananan hukumomi 23, kowace za ta tashi da kimanin 300. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Tambuwal mutum kusan 225,000, ta ba Kebbe kusan 125,000, kuma kowa ya san yadda jama'a ta ƙaru tun daga nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna rayuwa da wata babbar naƙasa. A ajiye wannan ma, a ce kashi 2 kacal: a Tambuwal kaɗai, da ƙidayar da ta tsufa, mutum 4,500 ke nan. Saboda haka duk mutum ɗaya da yake karɓar alawus, akwai fiye da goma a bayansa da ba sa karɓar ko sisi. Su waɗannan, wa ke da alhakinsu?

Amsar da nake da ita ita ce ƙaramar hukuma, kuma ba ina nufin ta ƙirƙiro nata alawus ɗin ba. Ina nufin aikin da tsarin mulki ya riga ya ɗora mata, ta yi shi ta yadda gurgu da makaho da kurma za su ci gajiyarsa kamar kowa.

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. Wuri ɗaya tak ne ya taɓo masu rauni kai tsaye, inda ya ce ta gina kuma ta kula da gidajen gajiyayyu da marasa ƙarfi, kuma a layi ɗaya ya haɗa wannan da kula da maƙabartu. Wannan ya nuna irin kallon da marubuta tsarin suka yi wa al'amarin: a samar musu wurin da za a ajiye su. Sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci, ya ambaci ƙabila da addini da jinsi da asali da ra'ayin siyasa, bai ambaci naƙasa ba. To amma a ci gaba da karanta jadawalin. Kasuwanni, tashoshin mota, bayin jama'a, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, hannu a makarantun firamare da yaƙi da jahilci da koyar da sana'a, hannu a kiwon lafiya: duk na ƙaramar hukuma ne. Nan ne kuwa rayuwar naƙasasshe take gyaruwa ko ta ɓaci. Gurgun da ke Jabo ba shi da wata hulɗa da filin jirgin sama na Abuja. Hulɗarsa da kwatar da aka haƙa a bakin titi aka bar ta buɗe ce, da dakalin ajin firamare mai tsawon gwiwa, da ƙofar bayin asibiti da kekensa ba ya shiga, da rumfar kasuwa da ba a taɓa tunanin a ba shi ta bakin hanya ba.

Dokar da ta cike giɓin tsarin mulki ta zo a makare. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, amma sai a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, bayan shekaru ana kai kudurin ana dawowa da shi. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambanci, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukuma. Ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, su yi karatu kyauta har sakandare, a sa su gaba a layi, kuma ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara. Ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020, Sakkwato kuma tana cikin jihohin da suka yi tasu dokar. A takarda dai babu abin da ya rage.

Sakatariyar ƙaramar hukuma ginin gwamnati ce. Makarantar firamare ginin gwamnati ce, haka ɗakin shan magani, haka kotu. Duk wanda ya zaga ƙananan hukumominmu zai iya ƙirga wa kansa nawa ne daga cikinsu ke da gangaren da keken guragu zai hau. Inda aka yi ma, sau da yawa ɗan kwangila ya tsayar da shi tsaye har mai lafiya sai ya yi hankali, ko an yi gangaren an kai shi ga ƙofar da kullum take kulle. Kashi 5 na aiki kuwa, ƙaramar hukuma tana cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a karkara: malaman firamare, ma'aikatan lafiya, masu karɓar haraji, akawuna. A ma'aikata ɗari biyar, doka ta ce ashirin da biyar. Babu ciyaman ɗin da ba zai iya sa a duba masa wannan cikin yini ɗaya ba, in yana so.

Za a ce ai ba su da takardun da za a ɗauke su. Haka ne a wurare da dama, kuma wannan ya kai mu ga makaranta, inda nake ganin zaluncin ya fi tsanani. Makarantar da aka sani a jihar nan ta kurame da makafi ita ce ta A.A. Raji da ke cikin birnin Sakkwato. Daga Tambuwal zuwa can tafiyar kusan kilomita 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe kuwa ta fi haka. Uban da ke da ɗiya kurma 'yar shekara bakwai a Sanyinna ko Kuchi, zaɓinsa biyu ne: ya kai ta birni ya baro ta a hannun da bai sani ba, ko ta zauna gida. Mafi yawa gida suke zaɓa, ni kuwa ban ga laifinsu ba. In ya kai ta firamaren garinsu, malamin bai iya maganar hannu ba, za ta zauna a bayan aji tana kallon baki yana motsi har ta gaji ta daina zuwa. Bayan shekara goma sha biyar sai a ce ba ta da takarda.

Ba a ce kowane ƙauye ya sami makarantar makafi ba. Tambuwal na da mazaɓu 11, har da ta Jabo da Kagara. A ce hukumar ilimin ƙaramar hukuma ta zaɓi makaranta ɗaya a kowace mazaɓa, ta tura malamai biyu su koyo maganar hannu da rubutun makafi, ta yarda ba za a canza musu wurin aiki ba, ta sauke ajin da ke da ɗalibi gurgu zuwa ɗakin da ba shi da dakali. Kuɗin wannan bai kai na motar ofis guda ba. Kuma al'ummarmu ba baƙuwar makaho mai ilimi ba ce. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne, kuma har yau ana nazarin aikinsa a jami'o'i. Tsangayoyinmu sun fitar da makafi mahaddata ba adadi, domin karatun allo ya sami hanyar da zai karɓe su ta kunne. Makarantar boko ce ta kasa.

Ta fuskar lafiya ma labarin bai sauya ba: komai yana birni ko gefensa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, asibitin ƙashi na Wamakko, asibitin masu taɓin hankali na Kware, asibitin Amanawa da aka daɗe da sani da jinyar kuturta, asibitin yara masu cutar noma da aka buɗe a 1999 wanda likitocin MSF ke tallafa wa tun 2014. Ba laifi ba ne manyan asibitoci su taru a babban birni. Abin lura shi ne makaho ba ya tafiya shi kaɗai, kuɗin mota biyu yake biya, nasa da na ɗan jagora, gurgu kuma sai an yi ciniki a kan kekensa kamar kaya. Sannan yawancin naƙasar da muke gani a karkara ba da ita aka haifi mutum ba. Sanƙarau, wanda ya yi mummunar ɓarna a 1996 ya kuma dawo wa Zamfara da Sakkwato a 2017, yana barin yaro da kurumta. Ƙyanda tana makantarwa. Amosanin ido da yanar ido suna rufe idon tsofaffi, alhali aikin yanar ido na ɗan lokaci ne. Doguwar naƙuda tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri, ta bar uwa da yoyon fitsari. Shan inna ya bar mana dubban guragu kafin a tabbatar da kawar da asalin ƙwayarsa daga Afirka a watan Agustan 2020. Duk waɗannan a ƙaramin asibitin mazaɓa ake tare su, da rigakafi da awon ciki da ungozoma mai horo. Lokacin da ɓaraguzan wani hari da Amurka ta kai suka faɗo a Jabo a daren 25 ga Disambar 2025, 'yan jarida sun kwaso sunan garin sun kai shi duniya; da za su riƙa zuwa irin waɗannan garuruwa ranar rigakafi, da sun sami labarin da ya fi shafar mutanen wurin.

To me ya hana ƙaramar hukuma motsi? Ka tambayi kowane jami'i, amsar ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, ai komai yana sama, sai abin da aka turo." Akwai gaskiya a ciki. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, amma sashe na 162 na tsarin mulki ya bi da kuɗin ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni kuma suka riƙe wuyan jakar. Albashin malaman firamare da harkar ƙananan asibitoci ma hukumomin jiha suka karɓe ragamarsu. Wannan ciwo tsoho ne. Marigayi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, haifaffen Dogon Daji a ƙaramar hukumarmu ta Tambuwal, shi ya shugabanci kwamitin da ya duba tsarin ƙananan hukumomi a 1984, kuma matsalar da aka zauna a kanta a lokacin ba ta gushe ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya.

Duk da haka ban karɓi wannan uzuri gaba ɗaya ba. Raba rumfunan kasuwa ba ya jiran Abuja. Umartar shugabannin tasha su daina cajin keken gurgu ba ya buƙatar kasafi. Hana biyan ɗan kwangila har sai ya yi gangare a ajin da ya gina sa hannun injiniyan ƙaramar hukuma kawai yake buƙata. Kuma ina tsoron ranar da kuɗin za su iso kai tsaye, domin in tunani bai sauya ba, abin da za a ƙara shi ne yawan kekunan da ake jerawa a harabar sakatariya, a kira mai ɗaukar hoto, a ɗora wa kowane gurgu hular jam'iyya. Keken da aka saya ba tare da an auna mai hawansa ba, wanda aka ƙera don daɓen siminti, wata nawa zai yi a rairayin Kebbe? In tayarsa ta lalace wa zai gyara? Masu walda da masu gyaran keke suna nan a kowace kasuwa, kuma guragun Kano sun daɗe suna ƙera kekunansu masu ƙafa uku da hannunsu. Da ƙaramar hukuma za ta ba irin waɗannan kwangila a gida, da ta sami keke mai ƙarko, ta kuma samar wa wasu sana'a.

Wasu ƙasashen sun ɗaure wannan da doka don kada ya dogara ga halin shugaba. A Ghana, asusun da gwamnatin tsakiya ke raba wa majalisun gundumomi yana da kaso na naƙasassu, wanda ya fara da kashi 2 cikin ɗari aka ƙara shi zuwa 3, kuma akwai kwamiti a kowace gunduma da wakilansu ke ciki. Ana kukan jinkiri da son kai a can ma, amma gurgun zangon Kumasi ya san akwai kasonsa, yana iya zuwa ya tambaya ina aka kwana. A Yuganda, dokar ƙananan hukumomi ta 1997 ta ware wa naƙasassu kujeru biyu, namiji da mace, a majalisun ƙananan hukumomi. Wannan na biyun ya fi burge ni, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu kuwa muna da abin da waɗancan ba su da shi, muna wasa da shi. Tun kafin Bature, ƙasar Hausa tana da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, masu naɗi daga fada, masu sanin jama'arsu gida gida, masu sasanta rigima da karɓar baƙo. Yau kuma ga haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, JONAPWD, da rassanta. Abin da aka mayar da su shi ne masu kawo suna ranar rabo. Wannan yana ɓata su, domin duk wanda aka ba guraben mutum ashirin alhali yana da mabuƙata ɗari biyu, an haɗa shi faɗa da mutanensa, an kuma buɗe masa ƙofar son rai. Matsayinsu ya wuce nan. Kamata ya yi su zauna a kwamitin ci gaban mazaɓa da kwamitin kula da makaranta, a kira su ranar da ake tsara kasafi, ba ranar da ake raba abin da ya rage ba. Sarkin Burmin Jabo da sauran iyayen ƙasa suna da ikon da za su sa hakan ya tabbata a gundumominsu ko da majalisa ba ta yi doka ba.

Hukumar zakka da waƙafi ta jihar, wadda ke da kwamitoci a gundumomi, tana ɗaukar nauyin jinyar masu taɓin hankali da wasu mabuƙata, kuma aikinta abin a yaba ne. Amma zakka haƙƙin matalauci ce, ko da naƙasa ko babu, kuma ba ta sauke wa hukuma nauyin da ke kanta. Ba kowane naƙasasshe ne matalauci ba, ba kuma kowane ne mabaraci ba. Akwai telan da ke ɗinki da keken hannu, akwai makaho mai saƙar igiya da tabarma, akwai kurma makaniki. Su ba sadaka suke nema ba, hanya suke so a buɗe musu. Masu bara kuma, kafin a yi maganar hana su kamar yadda Kano ta sha gwadawa, sai a tambaya me aka tanada. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya yi ladanci, ya kuma sha wakilta shi a kan Madina in zai yi tafiya. Muƙami ya ba shi, ba kwanon bara ba.

Akwai kuma waɗanda ko Sarkin Makafi bai san da su ba. Mace mai naƙasa da ba ta fita, wadda ba a kai ta makaranta ba, ba a kuma yi mata aure ba. Yaro mai farfaɗiya da aka cire daga aji saboda ana tsoron yawunsa, alhali cutar ba ta yaɗuwa kuma tana da magani mai araha. Mai taɓin hankali da ke ɗaure a turu a bayan gida. Zabiya da rana ke cin fatarsa a gona. Ga kuma sabon rukuni da rashin tsaro ya haifar: a yankin Kebbe, inda 'yan bindiga suka sha kai hari, akwai waɗanda harsashi ya raba da ƙafa ko hannu, kuma in gari ya watse cikin dare, wanda ba ya iya gudu da wanda bai ji harbin ba su ake bari a baya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai zo sakatariya ya bi layi.

Shi ya sa nake ganin aikin farko shi ne rajista, ta gaskiya, gida gida. Ƙasar nan ba ta yi ƙidaya ba tun 2006, amma ƙaramar hukuma ba ta buƙatar jiran hukumar ƙidaya. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun shiga kowane gida a Tambuwal da Kebbe sau da yawa, sun san lungu, sun san ruga, mata ne da ake bari su shiga cikin gida. Da su da masu unguwanni da sarakunan naƙasassu za a iya rubuta kowa: sunansa, shekarunsa, irin lalurarsa, yana makaranta ko ba ya yi, me ya iya, me yake buƙata. Littafin ya zauna a mazaɓa, a riƙa sabunta shi, a kafe adadin a bango kowa ya gani. Da shi ne za a san malaman maganar hannu nawa ake buƙata a Jabo, da shi za a sa mutane cikin inshorar lafiya ta masu rauni da dokar 2022 ta tanada, da shi kuma za a gane in sunan mamaci ko na mai lafiya ya maƙale a jerin masu alawus.

Dokar zaɓe ta 2022 ta wajabta wa hukumar zaɓe ta tanadi abin da zai taimaki makaho da kurma da zabiya su jefa ƙuri'a da kansu. Kansila ana cin kujerarsa da ratar ƙuri'u kaɗan. Naƙasassun mazaɓa ɗaya, da matansu da 'ya'yansu da masu yi musu jagora, sun isa su kayar da ɗan takara ko su tsayar da shi. Zuwa yanzu abin da 'yan siyasa suka saba ji daga bakinsu shi ne "Allah Ya saka da alheri." A zaɓe mai zuwa, in ɗan takarar kansila ya shigo Jabo da atamfa da sabulu, akwai tambayoyi uku da suka fi wannan addu'a amfani a gare su: mutum nawa cikinmu ke aiki a sakatariya, wace makaranta ce za ta karɓi kurame a gundumar nan, kuma nawa aka rubuta mana a kasafin bana.